Wane ne baƙo, wane ne ɗan gida a bakin kogi?

"Malam, tun da sanyi ya fara ja da baya nake bin wata 'yar hanya ta bakin kogi da safe kafin in wuce aiki. Cikin mako uku wurin ya cika da tsuntsayen da ban gan su ba a watan Janairu. An ce mini wasu wucewa kawai suke yi, wasu kuma nan za su yi sheƙa. Ta yaya zan bambanta su? Wane lokaci ya fi dacewa in fita? Kuma in na ci karo da sheƙa, laifi ne in matsa kusa in ɗauki hoto?"

Ɗan'uwa, tambaya uku ka yi, amma ta farkon ce uwa, sauran biyun a bayanta suke goye. Kana son ka san matafiyi da mazauni. Amsar da zan ba ka ita ce launin gashi ba zai gaya maka ba, littafin hotuna ma ba zai gaya maka ba, domin jinsi guda yana iya zama baƙo a wannan kogin, ɗan gida a wancan. Abin da tsuntsun yake yi shi ne shaida, kuma ba a gane shi a fita ɗaya. Sai ka yi ta komawa wuri guda. Tun da ka ce hanyar aikinka ce, ka riga ka samu abin da masu tsadaddun na'urori da yawa ba su da shi.

Bari mu fara da inda suka fito. Bazarar da kake magana a kai ita ce ta ƙasashen sanyi na arewacin duniya, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da yini ke ƙara tsawo, itatuwa ke toho, ƙwari ke ƙyanƙyashewa. A kudancin duniya abin yakan faɗo ne daga Satumba zuwa Nuwamba. Zan kawo misalai da tsuntsayen da ke zirga-zirga tsakanin Afirka da Turai saboda su na fi daɗewa ina bi, amma dabarar ɗaya ce ko a kogin Amurka kake ko na Asiya. Sunaye ne kawai za su sauya.

Waɗannan tsuntsaye 'yan ci-rani ne na gaske. Ƙiyasin da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye sama da biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa kudu da Sahara a kowace kaka. Waɗanda suka rayu su ne ke juyowa a bazara. An daɗe ba a san inda suke zuwa ba. Har masana na da sun yi zaton tsattsewa cikin taɓon tafki take shigewa ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da ƙauyen Klütz a Jamus, sai ga mashin mafarautan Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, kuma daga nan ne hanyoyinsu suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa kogi yake tara su

Yawancin ƙananan tsuntsayen nan da dare suke tafiya, suna kama hanya da taurari da maganaɗisun ƙasa. Gari na wayewa sai su sauko neman zango. Ka ɗauka ka kwana kana tafiya, guzurinka ya ƙare, ka duba ƙasa ka ga gonaki a share da rufin gidaje, sai ga wani dogon layi kore mai ruwa. Can za ka nufa. Guzurin tsuntsu kitse ne. Akwai ɗan ƙaramin mawaƙin ciyawar fadama, wanda masana ke kira Acrocephalus schoenobaenus, nauyinsa bai wuce giram 12 ba, amma yakan kusa ninka nauyinsa da kitse kafin ya tunkari Sahara. In ya iso bakin koginka a watan Afrilu, ya ƙone kusan duka.

Kogi kuma shi ne wurin da abinci ke fara samuwa. Ƙwarin da suka yi sanyi a ƙarƙashin ruwa suna tsutsa, su ne ke fara tashi tun sauran wurare ba su farfaɗo ba. Itatuwan gaɓa da yawa suna saurin fure, furen kuma yana jawo ƙwari. Shi ya sa a ranar da aka tashi da sanyi da yayyafi za ka ga tsattsewa ɗari ko fiye suna shawagi daf da fuskar ruwa, har kamar za su tsoma ƙirji. Ba wasa suke yi ba, sanyi ne ya hana ƙwari hawa sama. Ga masu tafiyar rana kuma, irin su tsattsewa da shahon nan mai kamun kifi da ke cin rani a Senegal da Gambiya, kogi hanya ce a shimfiɗe. Bin sa suke yi kamar yadda ayari ke bin gwadabe.

To amma wannan abinci da wannan duhuwa su ne kuma mai neman wurin sheƙa yake so. Nan ne ruɗanin yake: masauƙi da gida a unguwa ɗaya.

Ba a rana ɗaya suke isowa ba, kuma jerin isowarsu ba ya cika sauyawa. A arewa maso yammacin Turai, tsattsewar gaɓa, mai bayan ƙasa-ƙasa da ɗamara a ƙirji, tana cikin na farko, tun a Maris. Tsattsewa mai wutsiya kamar almakashi takan biyo daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Mawaƙan kyauro da ciyawar ruwa sai tsakiyar Afrilu, tare da kuku, tsuntsun da aka raɗa wa suna da kukansa. Ta ƙarshe ita ce baƙar nan mai fikafikai kamar lauje, Apus apus, wadda ke shigowa daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, kuma kafin Agusta ya ƙare ta juya. Masu bincike a jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna a 2016 cewa takan yi wata 10 a sama ba ta sauka ba. In kana kudu da nan, ka rage mako biyu ko uku a lissafin. In kana arewa, ka ƙara. A jinsi da yawa maza ne ke riga mata isowa da 'yan kwanaki, don su kama fili.

Dubi baki, kada ka nemi sheƙa

Ga yadda nake yi, kuma haka masu ƙidayar tsuntsaye ke yi, sai dai su sun tsara abin mataki-mataki: mai yiwuwa, mai alamar gaske, da tabbatacce.

Matafiyi ci yake yi, ba ya ɗaga kai. Za ka gan shi a inda bai dace da shi ba, tsuntsun daji a kan shingen gada, tsuntsun tsauni a filin ciyawa. Ba ya korar kowa, sau da yawa ma yana cuɗe da wasu jinsuna. Yau yana nan, jibi babu shi. Baƙo raɓa ne, kuma a nan maganar ta zauna daidai, don wani lokaci kafin hantsi ya daga. In aka kwana da hadari ko hazo ya tare musu hanya, da safe sai ka tarar da kurmi guda ya cika maƙil, kowane reshe da motsi. Irin wannan safiya ba ta wuce biyu ko uku a shekara, kuma wanda ke fita kullum ne kaɗai ke dacewa da ita.

Mai niyyar zama kuwa yana da wurin tsayawa. Namiji zai zaɓi reshe biyu ko uku, ya riƙa zagaya su yana rera waƙa, in wani namijin jinsinsa ya matso ya fatattake shi. Amma ka yi hattara a nan, domin waƙa kaɗai ba hujja ba ce. Matafiya da yawa suna waƙa a zango, kamar mai gwada murya kafin ya isa dandali. Ƙa'idar ita ce ka same shi a wuri guda aƙalla sau biyu, da tazarar mako ɗaya a tsakani. In ka ji shi a gindin itace kaza ranar Talata, ka sake jin sa nan wata Talatar, to ya kama gida. In ka ga biyu, mace da namiji, suna tafe tare, magana ta ƙara ƙarfi.

Daga nan sai kallon baki. Tsuntsun da ya ɗauko busasshiyar ciyawa, ko gashi, ko laka, ya tashi da ita bai haɗiye ba, gini yake yi. Wanda ya cika baki da tsutsotsi ya ƙi ci, ya tsaya yana waige-waige, 'ya'ya ke jiran sa. Akwai kuma shaidar da na fi so, wadda sababbi ba sa lura da ita: uwa ta fito daga cikin duhuwa da ɗan farin ƙunshi a baki, ta je nesa ta yar. Kashin 'ya'yanta ne, yana fitowa a naɗe cikin 'yar jaka don kada ya ɓata sheƙa ya jawo maƙiyi. Duk wanda ya ga wannan ya tabbatar da sheƙa mai 'ya'ya ba tare da ya taka ko ciyawa ɗaya ba.

Wannan hanya tana da inda take gazawa, gara in faɗa maka tun yanzu. Mawaƙin ciyawar fadama da na ambata yakan yi shiru da zarar ya samu mata. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa ya wuce, alhali lokacin ne ma zama ya kankama. Wani namijin kuma zai yi wata guda yana waƙa a wuri ɗaya, ba don yana da iyali ba, sai don bai samu mata ba. Ga kuma ɗan tsuntsun nan mai yawo a bakin ruwa yana kaɗa gindi sama da ƙasa, Actitis hypoleucos: a kogunan kwari wucewa yake yi cikin Afrilu da Mayu, a kogunan tudu masu duwatsu kuwa sheƙa yake yi. Tsuntsu ɗaya, hukunci biyu. Sannan ba duk mai sheƙa ba ne ɗan ci-rani. Zalɓe yakan hau ƙwai tun Fabrairu, a saman dogayen itatuwa, shi da 'yan'uwansa a gari guda. Agwagwar ruwa ma kafin baƙi su iso wata ta riga ta fito da 'ya'ya, bayan kwanci na kamar kwana 28.

Ka koyi karanta gaɓar kanta. Inda ruwa ya zaftare ƙasa ya bar bango mai yashi a tsaye, duba ramuka. In suna da yawa a jere, na tsattsewar gaɓa ne, kowane rami zurfinsa rabin mita zuwa mita guda, da ƙafa da baki suka haƙa shi. In rami ɗaya ne tilo, da farin kashi yana zuba daga bakinsa, na shuɗin masuncin nan ne, Alcedo atthis, wanda ke wucewa kamar an harba kibiya. Yakan sa ƙwai 6 ko 7, kuma yana iya yin zubi biyu ko uku a shekara. Ƙarƙashin gada akwai masu liƙa sheƙar laka. Cikin kyauro akwai masu saƙa sheƙa kamar ƙoƙo a tsakanin kara uku ko huɗu, kuma su ne kuku ke yi wa dabara: ta faki ido, ta sa ƙwanta cikin daƙiƙa kamar 10, ɗanta kuma in ya ƙyanƙyashe ya ture ƙwan masu gida waje, su yi ta wahalar ciyar da shi har ya fi su girma. Wannan kukun da ke kuka a bayan kyauro, na'urorin bin sawu da aka fara ɗaura wa na Birtaniya a 2011 sun nuna a dazukan Kwango yake cin rani.

Lokacin fita, da abin da za ka riƙe

Asuba. Waƙar safe takan fara kamar awa guda kafin fitowar rana, ta yi ƙarfi a rabin awar da ke biye, kafin ƙarfe 9 ta lafa. In ba za ka iya asuba ba, awa biyun farko bayan fitowar rana sun wadatar, ga shi lokacin ne ma matafiyan dare ke kiwo da yunwa. Ka tsara tafiyarka yadda rana za ta kasance a bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi, ga ƙyallin ruwa yana kashe ido. Iska mai ƙarfi ta fi ruwan sama ɓata fita.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu ninki takwas, ya ishe ka. Wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake yi a hannu, kuma kafin ka samo tsuntsun a cikinsa ya tashi. Sai ɗan littafin aljihu. Ni nakan zana taswirar hanyar da hannu, in sa alamar gada, babban itace, lanƙwasar kogi, duk fita in ɗiga inda na ji kowane namiji. Bayan fita biyar ko shida, ɗigon mazauna sai ya taru wuri-wuri, na matafiya kuwa ya warwatse ɗaiɗai. Takardar da kanta za ta amsa maka tambayarka ta farko.

An ce gani ya kori ji, amma a bakin kogi cikin Mayu, da ganye ya rufe, ji ne ke korar gani. Cikin tsuntsaye goma da nake rubutawa, da ƙyar nake ganin uku. Mawaƙan kyauro kusan duk kamarsu ɗaya, 'yan ƙanana masu launin ƙasa, sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: ɗaya yana jan waƙarsa a hankali kamar mai ƙirga, ɗaya kuma yana ta ɓaɓatu, yana tsalle daga murya zuwa murya, yana kwaikwayon maƙwabta. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell tana gane murya ta waya, tana kuma taimako ƙwarai, amma takan yi kuskure, musamman kusa da ƙarar ruwa ko inda mai kwaikwayo yake. Ka ɗauke ta a matsayin mai ba da shawara. Ka koyi murya biyu ko uku a mako, kada ka haɗiye su duka lokaci guda.

Lissafinka kuma yana da amfani fiye da yadda kake zato. A bazarar 1969 masu ƙidayar sa kai a Birtaniya suka lura wani ɗan mawaƙi mai farin maƙogwaro bai dawo ba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da aka yi a yankin Sahel ne ya cinye su, domin can suke tara kitsen tsallaka hamada. Tsattsewar gaɓa ma ta faɗi a lokacin, ta sake faɗuwa bayan farin 1983 da 1984. Wato shirun da za ka ji a koginka wata shekara, wataƙila daga Tafkin Chadi ko fadamun kogin Neja ya taso. In kana so a amfana da abin da ka rubuta, eBird, shafin intanet da ke tattara lissafin masu kallon tsuntsaye, na karɓa.

Maganar hoto a sheƙa

Kada ka matsa. Na san ba amsar da kake so ba ke nan, don haka bari in gaya maka abin da ya sa na tsananta.

Shekarun baya, a wani tsibirin tsakuwa da ruwa ya janye ya bari, wani ɗan ƙaramin dangin zakaran ƙeƙuwa, mai zoben rawaya a ido, ya faɗo gabana yana jan fiffike ɗaya a ƙasa kamar ya karye. Na san dabara ce ta janye maƙiyi daga ƙwai. Maimakon in ja da baya, sai son gani ya ci ni. Na tsaya ina lalube da ido har na gan su, ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo a ɗan lotsi cikin tsakuwa, babu ko ciyawa, taku biyu daga takalmina. Na durƙusa na ɗauki hoto. Duka-duka ban fi minti biyar ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne hankaka a kan itacen tsallake, wanda ni yake kallo. Washegari na tarar da ɓawo.

Ba warin hannu ne ke sa uwa ta gudu ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Haɗarin uku ne: ƙwai ko 'ya'ya su huce muddin uwa na waje, sawun da ka bari a ciyawa ya zama hanya ga dabba, sannan idon masu ɗauka da ke biye da kai. Ƙananan tsuntsaye kwana 12 zuwa 14 suke kwanci, su yi kusan haka suna ciyarwa a sheƙa; in ka tsorata 'ya'yan da suka kusa tashi, sai su watse tun fiffike bai yi ƙwari ba. Doka ma ta shigo ciki: a Birtaniya dokar 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita, kuma ga wasu jinsuna, har da shuɗin masuncin nan, damun su a sheƙa ma laifi ne sai da lasisi. Tarayyar Turai tana da tata tun 1979, Amurka tun 1918.

Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne. In tsuntsu ya sauya abin da yake yi saboda ni, na yi kusa. Ƙara mai kaifi da ake maimaitawa, uwa da abinci a baki ta ƙi shiga, jan fiffike, shawagi a kan kai: duk ma'anarsu ɗaya, ka koma ta inda ka fito. Ka tsaya kan hanya, kada ka sauka tsibirin tsakuwa ko ka kutsa kyauro daga Afrilu zuwa Yuli. Mai kare ya riƙe shi da igiya. Kada ka kunna wa namiji waƙar jinsinsa a waya don ya fito. Zai bar kiwo da gadi ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi. In kuma ka ga sheƙa, kada ka sa ainihin wurin a intanet.

Hoto mai kyau yana samuwa ba tare da wannan ba. Ka zauna a tsallaken kogi daura da bangon ramuka, ruwa ya shiga tsakaninku, ka yi shiru minti ashirin. Za su manta da kai. Ko ka lura da reshen da uwa ke fara sauka a kai kafin ta shiga duhuwa, domin kusan kullum guda ne, ka saita na'urarka can daga nesa. Zuwa ƙarshen Mayu kuma za ka fara ganin 'ya'ya a ƙasa ko a ƙananan rassa, da guntuwar wutsiya da rawaya a gefen baki, suna karkaɗa fikafikai. Ba yasassu ba ne, kada ka ɗauka. Ka ja baya taku goma ka jira, za ka ga uwar ta sauko da tsutsa.